Mu Shimfiɗa Tabarmi, Mu Dubi Sama

A birnin Yamai akwai babban gidan ajiye kayan tarihi na ƙasa, wanda aka sa wa sunan Bubu Hama. An buɗe shi a shekarar 1959. Wanda ya shiga ciki zai ga ƙasusuwan manyan dabbobin dā, waɗanda aka tono cikin rairayin Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas. Sun rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da koguna. Zai kuma ga itacen nan na Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin sahara yana nuna wa ayari hanya, har wata mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko shi aka kawo Yamai.

A waɗansu ƙasashe, gidaje irin wannan ba su tsaya ga abin da ke cikin ƙasa kaɗai ba. Suna nuna wa mutane abin da ke sama. A birnin Niyok na Amurka, gidan tarihin halittu yana da wani ɗaki mai rufi kamar ƙwarya a kife, tun 1935. Sai a kashe fitilu, a haska hoton taurari a jikin rufin, uba da uwa da yara suna zaune suna kallo, wani masani yana yi musu bayani. A Faransa kuma, tun 1991, kowace shekara, galibi cikin watan Agusta, ana yin abin da suke kira daren taurari. Masu madubin hangen nesa su fito da shi fili, kowa ya zo ya leƙa, ba a biyan ko dala.

Daga Tanut zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. Yaron Tarka ko na Gangara ko na Olalewa zai iya girma har ya yi furfura bai taka ƙofar wancan gida ba. Amma ku lura da wani abu. Mutanen Niyok hoto suke biyan kuɗi su gani, don hasken fitilun birninsu ya haɗiye musu taurari. Mu a Damargu na ainihi muke da su, bisa kanmu, kowane dare. Ba tsauni, ba kurmi, ba dogon soro da zai tare mana ido. Ga kuma mutanen da suka san sunayensu, suna zaune a zaurukanmu da rugagenmu.

Ra'ayina shi ne: kowace makaranta ta Damargu ta ware dare guda cikin wata, daga kaka har bazara, a taru a filin lakwal bayan sallar lisha, a dubi sama. Kada a ce na ƴan makaranta ne kaɗai. A zo da iyaye maza da mata, a zo da ƙanne, a zo da kakanni. Su kakannin ma su ne malaman farko na wannan dare.

Ga abin da ya sa na faɗi haka. Wata rana na tambayi ƴan ajina wa zai iya nuna mini Kaza da ƴaƴanta. Kowa ya san sunan. Amma waɗanda suka ce za su iya nuna ta ba su cika yatsun hannu guda ba. Na ce su je su tambayo a gida. Washegari wani yaro ya ba mu labarin yadda suka yi da kakarsa.

Ya ce mata: «Kaka, ina Kaza take?»

Ta ce: «Kai, maigidana, yau kuma? Ashe lakwal ta fara hankali. Kashe wannan tocila tukuna. Mai haske a hannu ba ya ganin na sama.»

Ya kashe. Suka zauna cikin duhu har idonsa ya saba. Sannan ta kama hannunsa ta miƙa shi gabas, ta ce ya ƙirga. Ya ƙirga shida. Ta ce tana yarinya bakwai take gani, yanzu ido ya tafi, sai dai ta san wurin.

Wannan tsohuwa ba ta taɓa riƙe alli ba. Amma ta koya wa jikanta abu biyu da kowane masanin taurari yake fara koyarwa: a nisanci haske, a kuma ba ido lokaci, kamar minti ashirin, kafin ya buɗe sosai. Ranar da aka kai ta makwancinta, abin da ta sani zai tafi tare da ita, in ba a karɓa ba tun yanzu. Ƙashin dabbar Gadufawa ya jira shekaru miliyoyi cikin rairayi har aka zo aka same shi. Sanin da ke cikin kan tsoho ba ya jira haka.

Kuma Damargu ta fi wurare da yawa arzikin wannan sani, don mahaɗa ce. Nan ne rumbun hatsin da ayarin Abzin yake saukowa ya ɗora, kafin a nufi Fashi da Bilma a ɗauko gishiri da dabino. Hausawa, Dagirawa, Abzinawa da Fulani, kowa da sunan da yake kiran taurari da shi. Abin da muke ce wa Kaza da ƴaƴanta, malamai suna ce masa Surayya, Abzinawa kuwa Shat-ahad, wato ƴan matan dare. Taurarin nan masu haske da ke biyo bayanta, masu guda uku a jere a tsakiyarsu, Abzinawa suna kiran su Amanar, wato ja-gaban ayari. Guda bakwai ɗin nan na arewa kuma, masu kama da ludayi, Talamt ce, taguwa. Ku ɗauki kaye ku rubuta waɗannan sunaye kusa da juna, harshe da harshe, tare da labarin da ke bayan kowane suna. Makarantar da ta yi haka shekara uku za ta sami littafin da babu irinsa a Yamai.

Na san abin da waɗansu iyaye za su ce. Za su ce duban taurari aikin boka ne da ɗan duba, ba su son a koya wa ƴaƴansu. Wannan magana ba ta raini ba ce, ya kamata a amsa ta da kyau. Ɗan duba yana cewa tauraro ya san wanda za ka aura, da ranar da za ka yi arziki. Wannan ba shi ne muke nema ba, kuma ni ban yarda da shi ba. Abin da muke nema shi ne lissafi: yaushe tauraro kaza ke fitowa, ta ina, yaushe yake ɓacewa. Wannan lissafi kuwa malamanmu ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni. Su ne suka raba shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa, kowane tauraro kwana 13, sai Jabaha mai kwana 14. Ku buga lissafin a kan allo: 27 sau 13, a ƙara 14. Za ku sami 365 daidai. Taurarin damana bakwai ne a wannan ƙidaya: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Saboda haka limamin gari shi ne mutum na farko da ya kamata a gayyata, a shimfiɗa masa buzu a gaba.

Me ya sa manomi ya bi taurari bai bi wata ba? Don shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365. Kowace shekara watanni suna matsowa da kwana 11. Shi ya sa azumi yakan faɗo cikin zafin bazara, bayan ƴan shekaru ya dawo cikin dari, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya kewayo inda ya faro. Ruwan sama ba ya bin wannan kewaye. Taurari kuwa suna tafiya tare da shekarar rana. Kaza tana ɓacewa a yamma wajen farkon watan Mayu, ta yi kamar kwana arba'in ba a ganin ta, sannan ta ɓullo a gabas da asuba cikin watan Yuni. Bana haka, baɗi haka.

A nan ne zan ce wani abu da tsofaffi ba za su ji daɗinsa ba. Tauraro ba ya kawo ruwa. Yana faɗin lokaci ne kawai, kamar agogo. Ƙidayar nan ta 28 daga ƙasashen Larabawa ta zo mana, kuma ruwa yana sauka a Kano kafin ya sauka a Tanut. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun sani cewa taurarin damana sun fito a kan lokacinsu, ba su yi lattin ko kwana guda ba, amma gonaki suka ƙone. Kowa a nan ya san zafin ruwan farko mai ruɗi: a yi shibka, ruwa ya ɗauke sati uku, iri ya mutu cikin rami, a koma neman wata tiya a lokacin da hatsi ya fi tsada. To, ga aikin da makaranta za ta yi wanda tsoho shi kaɗai ba zai iya ba. A kafa ma'aunin ruwa a filin lakwal. A naɗa yara biyu ko uku da ke zaune kusa, su riƙa rubutawa ko cikin hutu: ran kaza, cikin tauraro kaza, an sami milimita kaza. A rubuta ranar da aka yi shibka, da ko ta kama ko ba ta kama ba. Bayan shekara goma, garin zai san cikin wane tauraro ne shibka ta fi kamawa a gonakinsa, ba a gonakin wani gari ba. Tsoho ya kawo sunaye, yaro ya kawo kaye da ma'auni.

Waɗansu kuma za su ce: ba mu da madubin hangen nesa, da me za mu duba? Kada wannan ya hana. Kakanninmu sun ratsa Tenere ba su da shi. Ido da hannu sun isa aikin shekara guda cur.

Ga misali. Ku nemi tauraron arewa. In Talamt tana sama, kamar daga watan Fabrairu zuwa damana, taurari biyu na bakin ludayin suna nuna shi. Ba shi da haske ƙwarai, amma shi kaɗai ne ba ya barin wurinsa, sauran duka suna kewaya shi. Ku miƙa hannu, ku dunƙule. Dunƙule guda kamar digiri 10 ne. A Tanut za ku same shi bisa ƙasa da dunƙule ɗaya da rabi, wato digiri 15. Wanda ya je Agadas zai ga ya ƙara hawa, wajen digiri 17. Wanda ya gangara Kano zai ga ya sauka zuwa 12. Me ya sa? Don duniya ƙwallo ce, muna tafiya a bayanta. Mushe yana iya faɗin wannan sau goma a cikin aji, yana juya ƙwallon taswira, yara su haddace su manta. Amma ranar da direban babbar mota ko ɗan ci-rani ya tashi a gaban jama'a ya ce shi da idonsa ya ga tauraron ya sauka da ya je kudu, magana ta zauna. Gani ya kori ji.

Ga wani. Ku kafa sanda, ku zaɓi tauraro mai haske a gabas, ku rubuta ƙarfe nawa ya hau daidai kan sandar, kuna tsaye a wuri guda. Gobe zai riga da minti 4. Bayan wata guda zai riga da awa 2. Wannan shi ne dalilin da ya sa taurarin dari daban, na damana daban.

Akwai kuma abin da zai tada gardama, kuma gardama mai daɗi ce. Zara da ake gani da magariba kusa da jinjirin wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu guda ne. Ba ma tauraro ba ne irin sauran. Duniya ce kamar tamu, tana kewaya rana, hasken rana ne take maidowa. Malamai suna kiran ta Zuhura. In ba ku yarda ba, ku sa ido: duk watannin da Zara take yamma, ba za ku ga Gamzaki a gabas ba. Na taɓa faɗin haka gaban wani dattijo, ya dube ni ya ce: «Malam, boko ya yi maka yawa.» Ban ja da shi ba. Na ce mu bar wa sama ta raba mu.

Yara suna son manyan lambobi, a ba su. Daga nan zuwa wata kilomita 384.000 ne. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen 150 ne. Ke nan sai mota ta yi wannan tafiya fiye da sau 2500 kafin ta kai wata. Hasken rana yana yin minti 8 da ɗoriya kafin ya iso mu. Hasken Kaza kuwa, wanda tsohuwar nan ta nuna wa jikanta, ya baro can wajen shekara 440 da suka wuce, zamanin Mai Idirisa Alawma na Barno, tun ba a kafa sarautar Damagaram ba.

In an dace wani ma'aikacin daji ko wani ɗan gari yana da ƙaramin madubi mai ido biyu, a aro shi. A ɗora shi bisa katanga don kada hannu ya yi rawa. A daren bakwai ga wata za a ga ramuka da duwatsu a fuskar wata. In Mushtari yana sama, mai kaifin ido zai ga ƴan ɗigo kusa da shi, a jere. Watanninsa ne guda huɗu, waɗanda Galile ya fara gani a Italiya a watan Janairu 1610, da madubin da bai kai na yanzu kyau ba.

Batun tsaro da sanyi da hazo, gaskiya ne. Ba kowane gari ne zai iya tara mutane da dare ba, mai gari da iyaye su ne suka san halin wurinsu. Inda ba ya yiwuwa a filin lakwal, a yi a ƙofar gidan mai gari. Awa guda ta isa, kowa ya koma gida tare da nasa. Dalili ke nan ma da na ce a zo da iyaye: uwar da ba za ta bar ƴarta ta fita ita kaɗai ba, za ta zo da ita in ita ma an gayyace ta. Kada daren ya zama na samari kaɗai. Game da hazo kuwa, watannin Oktoba da Nuwamba sun fi kyau, ruwa ya wanke sama, ƙurar hunturu ba ta taso ba, an shiga makaranta, hatsi yana rumbu, hankali a kwance. A zaɓi ƙarshen wata, lokacin duhu. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba ma kada a bari ya wuce, don a wannan dare kowace shekara taurari masu faɗuwa suna yawa.

Su ma waɗannan ba taurari ba ne. Tsakuwoyi ne da ke yawo a sarari, in sun shigo iskar duniya da gudu sai su ƙone. Wani lokaci babba yakan iso ƙasa. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gonar wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mirrihi ya fito. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani irinsa cikin jihar Agadas, mai nauyin kusan kilo 25. A watan Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok, aka saye shi fiye da dalar Amurka miliyan 5. Hukumomin Nijar suka buɗe bincike a kan yadda ya bar ƙasa. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makiyayi nawa ne suka wuce irin wannan dutse, ko suka sayar da shi kuɗin shayi, don ba wanda ya taɓa gaya musu ko mene ne? Wurin irin wannan dutse shi ne gidan tarihi na Yamai ko na Damagaram, inda ƴaƴanmu za su gan shi. Mai cewa kallon sama ba ya cika ciki, ya tuna da wannan.

Saura abu guda, kuma shi ne mafi gaggawa. Ran Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, wata ya shiga tsakaninmu da rana. Inuwarsa ta ratsa ƙasarmu daga wajen Maraɗi har Kawar. Iyayenku sun tuna yadda gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Kafin wannan, an yi wani ran 30 ga Yuni 1973, wanda ya bi ta Abzin. Masana sun san ranakun tun shekaru kafin su zo, don lissafi ne, ba alamar mutuwar wani ba ce ko ta haihuwarsa. Wani yana tafe ran Litinin 2 ga Agusta 2027. A Masar da Makka rana za ta rufe ɗungum. A wurinmu wani yanki ne kawai zai rufe, kuma wannan ya fi haɗari ga ido, don sauran yankin yana nan da zafinsa. Wanda ya ƙura wa rana ido yana iya ƙona shi, ba tare da ya ji ciwo ba a lokacin. Baƙin tabarau ba ya karewa. Kwalbar da aka shafa wa hayaƙi ba ta karewa. Duba cikin ruwan ƙwarya ma ba ya karewa.

Dabarar mai sauƙi ce. A juya wa rana baya, a ɗaga rariya bisa farin zane da aka shimfiɗa a ƙasa. Kowace huda za ta zana ƴar rana a kan zanen, da gefenta a gutsure. Ƙarƙashin itacen bedi ma haka za a gani, inda haske ke ratsa ganye. Amma 2 ga Agusta tsakiyar hutu ne, lakwal a rufe, yara suna gona tare da iyayensu, ba mushe kusa da zai ce musu kada ku duba. Wanda zai hana yaro ɗaga kai a wannan hantsi uwarsa ce ko kakarsa. Sai an nuna musu rariyar tun kafin a rufe makaranta a watan Yuni.